Tafinta da Mai Gatari

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan magariba

Wasan yau bai ƙare da daɗi ba. Yaya Ado ya tashi ya bar mu a kan tabarma, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba, ya bi ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidanmu da na Baffa ya shige.

Umma har yau "tatsuniyar manya" take kiran abin, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ni ce mai jan labari: in faɗa musu inda suke da wanda suka tarar, kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, in abin yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai ƙwayar ludo ta raba gardama. Tun da na koyo shi a poli muke yi duk Lahadi, ni da Yaya Dalhatu da matarsa Anti Kulu da Yaya Ado na gidan Baffa. Sai da Baffa ya zauna ya kalle mu yini guda kafin ya yarda ba caca ba ce.

Yau ayarinsu ya iso mashigar kogi, tsohon da ke shugabantar masu kwalekwale ya ƙi ƙetarar da su. Bako tafinta, mutumin Yaya Ado a wasan, ya zauna da shi. Ka'idata ita ce duk maganar da ta shiga, in ajiye masa ƙwayar wake ɗaya a gabansa, in waken ya cika an shawo kan mutum ke nan. Kuma wallahi ya yi magana. Ya tambayi tsohon jikokinsa, ya yaba masa kwalekwale, har ni da nake bakin tsohon na ji zuciyata ta yi laushi. Saura ƙwaya ɗaya.

Sai Yaya Dalhatu ya yi hamma ya ce, "Ni dai gatari zan jefa."

Na yi abin da na saba. Na sa hannu na share waken, na ce an shiga faɗa, kowa ya jefa ƙwaya mu ga wanda zai fara.

"Lubna, ina wakena?"

"Faɗa aka shiga, Yaya. Ka san ka'ida."

"Wato duk abin da na gaya wa tsohon nan ya manta? Don wannan ya gaji da zama?"

Yaya Dalhatu yana ta dariya har da riƙe ciki. Anti Kulu ta ce a yi haƙuri wasa ne. Yaya Ado ya ce ya san wasa ne, shi ya sa ma abin yake masa ciwo, ko a wasan ba a bari ya gama magana.

Abin dariya a nan shi ne a waje akasin haka suke. Yaya Dalhatu shi ne bakin ma'aikata a kamfanin fata na Challawa, duk sati lallashi yake yi sama da ƙasa, ranar Lahadi ba ya son ya ce wa kowa don Allah. Yaya Ado kuwa mai gadi ne a get ɗin wannan kamfanin, yini yake da kulki a ƙugu ba mai jin ta bakinsa. Yaya Dalhatu ne ma ya samar masa aikin.

Gaskiyar Yaya Ado ce. Sai na gyara ka'idar kafin Lahadi.

Litinin, 7 ga Yuli, da yamma

Tun daga Panshekara har Bompai, adaidaita biyu, ina ta juya abin a raina. A wurin aiki ma ina duba ledar alewa ina tunanin wake, har madam ta tambaye ni ko lafiya.

Matsalar ita ce wasa biyu nake ja ban sani ba. Na magana daban, na faɗa daban, kuma duk wanda ya ga dama yana iya kashe na farkon da kalma ɗaya. In na hana jefa gatari na cuci Yaya Dalhatu. In na bari na cuci Yaya Ado.

Na tarar da Yaya Dalhatu yana guge farar rigarsa. Gobe za su shiga wurin manaja kan maganar safar hannu da takalman roba, tun da ruwan kemikal ya cinye wa abokin aikinsu Sule hannuwa. Umma ta ce ya dai bi a hankali. Ya ce, "Umma, magana ce kawai. Ni fa sai Lahadi nake faɗa."

Ya ce in gaya wa ɗan fushin can ya yafe masa.

Ban samu na gaya masa ba. Aikin safe yake, ya kwanta da wuri.

Talata, 8 ga Yuli, azahar

Anti Kulu ta kira. Ina hanya.

Talata, bayan isha'i

Ba zan iya ba yau.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Benci ne dogo a bakin ɗakin asibitin, a kansa muke. Likita ya ce jini ne ya taru a cikin kan Yaya Dalhatu, sun zuƙe, sai a jira. Umma tana jan carbi. Anti Kulu ta kasa zama ta kasa tsayuwa, ga cikinta ya tsufa.

Wata nas ta miƙo min rigar a leda. Na kawo gida na jiƙa. Na sa omo, na sa bilic, na sake jiƙawa. Jinin da ke wuyan bai fita ba.

Bai farka ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Abokan aikinsa sun zo da yawa, warin fata ya cika barandar har masu jinyar wasu suna toshe hanci. Ni kam sai na ji kamar shi ne ya shigo.

Suna ta magana ƙasa-ƙasa, da na matso sai su yi shiru. Sule ne kaɗai, da hannuwansa a naɗe, ya fara: "Ai ana cikin magana ne, wallahi ana cikin magana, shi ya ma juya yana ce mana mu ja baya, sai kawai aka…" Wani ya taka masa ƙafa. Na ce zan je sayo ruwa. Na daɗe ban dawo ba.

Ba wanda ya ambaci na gidan Baffa. Ni ma ban tambaya ba.

Bai farka ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Baffa ya zo asibiti. Ya tsaya a gaban Umma ya yi sallama har sau nawa. Ta amsa sallamar don wajibi ce, ba ta ɗago kai ba. Ya ce, "Hajiya, ku yi…" sai ya kasa ƙarasawa. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu tun da Abba ya rasu, ban taɓa ganin hularsa a karkace ba sai yau.

Da muka dawo gida Umma ta gangaro turmi ta jingina da ƙaramar ƙofar. Ita kaɗai, ba ta bari na kama mata ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Bai farka ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan azahar

Yau ni ce a gida, su Umma suna can. Ban san lokacin da na shimfiɗa tabarma ba. Sai da na ɗauko gwangwanin da muke ajiye ƙwayar ludo da wake da takardun mutanenmu, sannan na tuna ba mai zuwa.

Na zauna dai. Na buɗe waya na karanta abin da masu jan labari na wasu ƙasashe suke cewa. Wasu sun ce wanda ya fara zare makami a ba shi bugun farko, ladan mamaya. Wasu sun ce kada a ba shi komai, in ba haka ba kowa zai koyi katse magana da takobi. Wani ya ce babu wasa biyu, rikici ɗaya ne, baki da hannu duk makamai ne. Na fi yarda da wannan.

Ga abin da na tsayar. Na ɗaya, wake ba ya sharuwa: abin da aka faɗa an faɗa, wanda ya ji ya ji, ko an zare makami. Na biyu, kafin makami ya tashi kowa yana da numfashi ɗaya, ya faɗi abin da zai yi, ko ya riƙe hannun ɗan'uwansa, ko ya ja baya. Sannan a tsakiyar faɗa, in layi ya zo kanka, kana iya yin magana maimakon duka, kuma a jefa mata ƙwaya kamar kowane bugu.

Na rubuta da kyau, na ja layi a ƙarƙashi. Na daɗe ina kallon "numfashi ɗaya".

Duk abin da na karanta a kan yadda ake shiga faɗa ne. Yadda ake fitowa a koma zama, ban ga wanda ya yi dogon bayani ba. Mafi yawansu cewa suke faɗa yana ƙarewa in ɓangare ɗaya ya faɗi.

Ruwa ya sauko, na naɗe tabarmar.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Ya buɗe ido. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Ya gane mu. Ya bi Anti Kulu da ido, ya kalli cikinta ya daɗe. Ɓangaren damansa ba ya motsi, bakinsa ya ɗan ja gefe.

Kalma ɗaya ce ta dawo masa: "To." Kana jin ciwo? To. Za ka sha ruwa? To. Umma ta ce, "Dalhatu, wace ce ni?" Ya kalle ta, goshinsa ya tattare, gumi ya tsatso masa, ya ce, "To."

Mutumin da in ya fara magana a zaure sai shayi ya huce a hannun mutane.

Likita ya ce yana jin komai, yana fahimtar komai, hanyar fitar ce ta toshe. Ta iya buɗewa. Bai ce za ta buɗe ba.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan Baffa da safe, ta dawo da rana. An ce an tambaye su duka, an sallame su duka. An rufe kamfanin har sai abin da hali ya yi. Matan layinmu sun shigo yi wa Umma sannu, kowace da nata labarin, ba biyu da suka yi daidai.

Ina wanke-wanke a gindin katanga na ji muryar Baffa ta can ɓangaren: "Ka ci ko loma ɗaya ce." Ban ji an amsa ba.

Na ƙara buɗe famfo.

Litinin, 21 ga Yuli, da yamma

Na bar katan biyu na alewa sun wuce da leda a buɗe. Madam ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan magariba

Na ga Yaya Ado.

Na sauka daga adaidaita a kwanar Panshekara ana yayyafi, yana tsaye ƙarƙashin rumfar mai gyaran taya. Na san ni yake jira. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi.

"Lubna."

"Ina wuni, Yaya."

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"An ce ba ya magana."

Yaron mai taya ya kashe injinsa don ya saurara, ubangidansa ya kore shi.

Ya ce, "Ina son in gaya miki yadda aka yi."

"Kada ka gaya min."

"Ba ni kaɗai ba ne a get ɗin. Da aka turo ƙofar aka ce mu hana, kowa ya ɗaga hannu. Bayan mutane nake gani, ban ga fuskar kowa ba. Na yi ta maimaita abin a kaina, Lubna, wani lokaci in ga ba ni ba ne, wani lokaci…"

"Na ce kada ka gaya min."

Na san me ya sa na hana shi. In ya ce shi ne, ba zan iya kallonsa ba. In ya ce ba shi ba ne, ba zan san ko na yarda ba, kuma wannan ya fi muni.

Ban san abin da ya kai bakina ba, na ji na ce, "Na gyara ka'idar. Ba a share wake yanzu."

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. Sai ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Na tafi na bar shi a nan. Ban waiwaya ba sai da na kai bakin masallacin Malam Lawan, lokacin kuwa wata tirela ta shiga tsakani.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Baffa ya zo da liman, ta babbar ƙofa. Umma ta shimfiɗa musu darduma, ta kawo ruwa, ta zauna nesa. Liman ya yi magana mai tsawo a kan zumunci da ƙaddara. Da ya gama Umma ta ce, "Malam, na ji, Allah ya saka da alheri. Amma ba ni aka yi wa ba. Wanda aka yi wa yana kwance. Ranar da ya iya cewa ya yafe da bakinsa, ni ma na yafe."



Da za su fita Baffa ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, "'Yata, maganar auren nan naku ke da Ado da aka ce bayan damina, a ɗan ajiye ta tukuna." Na ce to, Baffa.

Ni ma na koma "to".

Litinin, 28 ga Yuli, da yamma

An sallamo shi. Umar maƙwabcinmu da direban motar suka shigo da shi a kan kujera. Ya kalli tsakar gida, ya kalli turmi a jikin ƙofa, ya kalli Umma. Ta ce tuwo zai ci ko shinkafa.

Laraba, 30 ga Yuli, da safe

Sun faɗi a banɗaki, shi da Anti Kulu. Allah ya tsare, gwiwa ta buga ba ciki ba. Umar yana fita Sharada tun asuba, ni kuma Yaya Dalhatu ba ya yarda in kama shi zuwa can, da na matso sai ya kau da kai. Mun rasa yadda za mu yi. Yau da tsumma aka goge masa jiki a ɗaki. Bai ce ko "to" ba duk yinin.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan azahar

Mun fito da shi baranda ya sha iska. Sai ya fara nuna saman kabad da hannun hagu. Muka kawo rediyo, ya ture. Muka kawo hula, ya ture. Anti Kulu ce ta gane: gwangwani.

Na ji daɗi. Na shimfiɗa tabarma, na fito da takardu, na ba Anti Kulu ta tsohuwarta mai magani, na ajiye masa ta mai gatari a cinya. Na ce yau Bako ya tafi neman itace, ba ya nan.

Ya buga hannu a kujera. Ya nuna takardar tafinta da ta rage a gwangwani, ya nuna katanga.

Na ce ni zan riƙe masa Bako.

Ya sake nuna katanga.

Anti Kulu ta ce, "In ya shigo gidan nan, ni gidanmu zan tafi." Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe da ƙyar ta shige ɗaki. Umma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Ya ci gaba da nuna katangar har hannunsa ya gaji ya sauke.

Ban san me yake so da shi ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ban san ko kewarsa yake ba, ko so yake ya gan shi ido da ido.

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Ya ƙi abinci tun jiya.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Ina matsa wa Anti Kulu ƙafa, sun kumbura, sai ta ce, "Ke kin san shi ne?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Da na sani da na huta. Da na tsane shi gaba ɗaya, ko in bar shi gaba ɗaya. Ranar da aka kawo ni gidan nan shi ya ɗauko akwatina a ka tun daga bakin titi, yana ta tsokanata. Yanzu in na rufe ido hannunsa nake gani a sama."

Na ci gaba da matsawa.

Can ta ce, "Cokali uku ya sha na kunu yau. Ki gaya wa Ado ya zo Lahadi. Amma kada ya gaishe ni."

Na tambayi Umma. Ta ce gidan Dalhatu ne, ita baƙuwa ce. Turmi dai yana nan inda yake.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan magariba

Ya zo ta babbar ƙofa, da sallama, kamar baƙo. Umma ta shige ɗaki ta saki labule. Ya zauna a bakin tabarma, rabin jikinsa a kan siminti. Bai gaida Anti Kulu ba. Ya ce, "Dalha." Yaya Dalhatu yana kallonsa kawai, ba zan iya cewa ga abin da ke fuskarsa ba, rabinta ba ya motsi.

Ban san yadda ake fara irin wannan zama ba, sai na fara yadda na iya. Na ce rana ta yi sanyi a mashigar kogi, kwalekwale suna bugun juna a gaɓa, tsoho yana zaune yana jin tafinta. Na ƙirga waken na mayar gaban Yaya Ado yadda suke ranar. Na karanta musu sabuwar ka'ida. Na ce mai gatari ya ɗaga hannu, kowa yana da numfashi ɗaya.

Anti Kulu ta ce tsohuwarta za ta koma bayan jaki.

"Bako fa?"

Ya ce, "Zai tsaya inda yake."

Na sa ƙwayar ludo a hannun hagun Yaya Dalhatu, na matso masa da faranti ya jefa a ciki.

Bai jefa a faranti ba. Ya jefi Yaya Ado da ita, ta same shi a saman gira, ta gangara ƙarƙashin kujera.

Ba wanda ya motsa. Ina jin Umma ta daina jan carbi a bayan labule.

Yaya Ado ya durƙusa ya lalubo ƙwayar, ya goge ta a rigarsa, ya buɗe hannun Yaya Dalhatu ya sa masa, ya koma ya zauna daidai inda yake. Yaya Dalhatu ya sake jifansa, a ƙirji. Ya sake ɗaukowa ya ba shi. Na ukun ba ta kai ba, hannun ya gaji, ta faɗi tsakiyar tabarma. Yaya Dalhatu yana numfashi sama-sama, bakinsa yana ta aiki, wani sauti yana fitowa wanda ba kalma ba ne, hawaye yana bin ɓangare ɗaya na fuskarsa.

Anti Kulu ta leƙa ƙwayar. Ta ce, "Biyu."

Dole mai jan labari ta ce wani abu. Na ce gatari ya kuskure, ya faɗa ruwa. Masu kwalekwale sun miƙe da sanduna. Layi ya zo kan Bako: zai yi duka, zai gudu, ko zai yi magana?

Yaya Ado bai kalli kowa ba, waken yake kallo. Ya ce, "Baba mai jirgi, kun ji duk abin da na faɗa ɗazu, ban janye ko ɗaya ba. Wannan ɗan'uwana ne, tare aka yaye mu. Ku ƙetarar da shi da tsohuwar nan. Ni ku bar ni a wannan gaɓar, ku yi yadda kuka ga dama da ni."

Na ce ya jefa.

Ɗaya.

Na so in yi ƙarya. Ni ce mai labari, ina iya cewa iska ta kaɗa, ko jikan tsohon ya yi kuka, ko wani abu. Dukkansu suna kallon ƙwayar, dukkansu sun gani. Na ce tsoho ya girgiza kai. Bai ba da umarnin duka ba, saboda waken da ke gabansa, amma bai ba da jirgi ba.

Sai hadari ya taso, muka kama tattara kaya. Kafin in ce a jira Umar, Yaya Ado ya sunkuya ya ɗauki Yaya Dalhatu cak, kamar yaro, ya kai shi ɗaki. Yaya Dalhatu bai ture shi ba. Bai kuma riƙe shi ba.

Ayari yana nan a bakin kogi. Ban san yadda zan ƙetarar da su ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da safe, kafin in fita

Ya dawo bayan sallar asuba, ba wanda ya kira shi. Ya tsaya a soro har Anti Kulu ta fito. Ta juye ruwan zafi a bokiti, ta ajiye a bakin banɗaki da soso da sabulu, ta koma kicin.

Ya ɗauko shi ya shiga da shi, ya turo ƙofa.

Ina ɗaura ɗankwali a tsakar gida. Umma tana bakin ƙofarta. Muka ji an kwara ruwa, sai muka ji muryar Yaya Dalhatu, a kakkarye, amma ba mai cewa bai gane ba:

"Za… zafi."

Ludayi ya faɗi daga hannun Anti Kulu. Umma ta dafa bango.

"Yi haƙuri," in ji Yaya Ado. Muka ji ya buɗe famfo yana sirkawa. "Yi haƙuri, Dalha. Yi haƙuri."

Bokitin ya cika, ruwa ya fara malalowa ta ƙarƙashin ƙofa har tsakar gida, Yaya Ado bai daina cewa "yi haƙuri" ba.